Yakuwar Direba

Duk wanda ya saba zuwa unguwar Dira a birnin Riyad ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya san wata 'yar inuwa a bayan shagunan turare, ba nisa da tsohon ginin Masmak, inda 'yan Maraɗi da 'yan Damagaram suke haɗuwa su sha shayi, su ji labarin gida, su ɗan taɓa gulmar iyayen gidansu. A wannan majalisa babu mai kiran Almustafa da sunansa. Direba ake ce masa. Baƙo idan ya ji sai ya ɗauka mutumin yana jan danƙareriyar motar wani attajiri ne. Abokinsa Lawali ne ya raɗa masa sunan, kuma ba don yabo ya raɗa ba.

Almustafa ɗan wani ƙauye ne kusa da Madarumfa. Mahaifinsa yana da garka a bakin fadama, ta zogale da tumatir da 'yar albasa, da rijiya a tsakiya. Tun yana ƙarami aikinsa ban-ruwa ne: ya ja guga, ya cika bokiti, ya bi shuka ɗaya bayan ɗaya, kafin ya kai ƙarshe ta farko ta sake jin ƙishi. Ya tsani wannan aiki har cikin ransa. Da ya tasa sai ya sulale tashar Maraɗi ya zama yaron mota, ya koyi tuƙi, ya dawo ƙauye da baƙin tabarau. Ya auri Shafa'atu, 'yar maƙwabtansu, wadda tun tana budurwa take dafa zogale tana kwaɗawa da ƙuli tana sayarwa a ƙofar gida. Suka haifi 'ya, aka sa mata Nazira.

Da wani ejan ya ce ana neman direbobi a Saudiyya, Almustafa bai yi shawara da kowa ba. Ranar tafiya ya je garka ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, ni da fartanya mun yi ban-kwana."

Tsohon bai daina tsinkar ganye ba. Ya ce, "To. Allah ya kiyaye hanya."

A filin jirgin Riyad wani dattijon Balarabe ne ya tarbe shi, siriri, mai jan gemu na lalle, da wata tsohuwar a-kori-kura. Shi ne kafil ɗinsa, wato wanda ya ɗauko shi aiki kuma zamansa yake hannunsa, ana ce masa Abu Mish'al. Suka ratsa gari. Almustafa yana kallon dogayen benaye da tituna masu hawa kan juna, yana zaɓen waɗanda zai riƙa bi a ransa. Motar ba ta tsaya ba. Benaye suka ƙare, gidaje suka yi ƙaranci, aka shiga rairayi da duwatsu. Da suka karya kwana suka shiga wata ƙofar ƙarfe, abin da ya fara yi masa maraba shi ne warin takin kaji. Ya san warin nan kamar yadda ya san muryar uwarsa.

Da katin zamansa ya fito, igama, wani Basudane da ya daɗe a wurin ya karanta masa abin da aka rubuta a gurbin sana'a: ma'aikacin gona. Ya kira ejan, wayar a kashe. Ya sake kira, ya sake, har ya gaji ya haƙura.

Gonar ba irin ta gida ba ce. Dogayen rumfunan leda ne a jere, kowace da manyan fankoki a ƙarshenta, ciki kuma kokwamba da tumatir suna hawa zare har sama da kan mutum. Babu guga, babu bokiti. Siraran tiyo ne baƙaƙe shimfiɗe a ƙasa, suna ɗiga ruwa a gindin kowace shuka. Almustafa ya duba ya taɓe baki, ya ce wannan ai noman ragwaye ne. Ya yi niyyar yin aikin da rabin zuciya. Sai dai hannunsa bai san da wannan niyya ba. Yana cikin fushin zai tarar ya riga ya cire ganyen da ya fara cuta, ya ɗaga reshen da ya kwanta, ya gane layin da tiyonsa ya toshe tun daga launin ganye. Abu Mish'al yana lura.

Gida kuwa labari daban ake aikawa. Babban ɗan dattijon, Mish'al, yana zuwa gonar lokaci-lokaci da wata farar mota mai sheƙi. Da ya shige ciki, Almustafa zai sa tabarau, ya jingina da ƙofar direba, ya ɗaga makulli sama, Basudanen ya ɗauke shi hoto. Makullin na ɗakin injin ruwa ne. Shafa'atu tana amsawa da, "Masha Allah, Baban Nazira, mota ta yi kyau."

Ranar Juma'a ce hutunsa. Tun da safe yake dirje hannuwansa da lemon tsami, ya ƙwaƙule farce da tsinke, ya fesa turare, ya bi motar kayan lambu zuwa gari. A majalisar Dira ya haɗu da Lawali, mutumin Tasawa, wanda ya girme shi kuma yake tuƙin motar haya na gaskiya. Lawali ya saurari labarin tuƙin Almustafa mako bayan mako yana gyaɗa kai. Wata rana ya miƙa masa kofin shayi ya ce,

"Direba, daga nan in za ka Olaya, wace hanya kake bi?"

"Ya danganta da cunkoso."

"Haka ne. To maigidan naka a cikin motar yake shuka tumatir? Don duk turaren nan da ka zuba, ƙamshin ganyensa nake ji a rigarka."

Majalisa ta yi dariya har mai shayi ya ajiye buta. Almustafa ya so ya yi fushi, sai ya ga babu riba, domin rabin masu dariyar ma an yi musu alkawarin ofis ne suka ƙare a goge tayil. Sunan dai ya zauna daga ranar.

Ba son noma ne ya mayar da shi shuka don kansa ba. Kwaɗayi ne. Shinkafa da kaza safe da yamma sun ishe shi. Kuɓewa akwai a kasuwa, lalo ma akwai, Larabawa suna shan sa fiye da mu. Amma miyar yakuwa, ɗanya, mai tsamin nan da ke tsinka yawu, babu inda zai same ta. Wata Juma'a ya sayi busasshen zoɓo a Dira, yana juyewa a kwano sai ga 'yan ƙwayoyin gurguzu a ƙasan leda. Ya tsince su ya ƙulle a tsumma.

Ya jira har lokacin da ya san damina ta faɗi a gida, sannan ya shuka su a bayan rumfa ta ƙarshe, kamar yadda ya ga ana yi tun yana yaro. A Riyad wannan ne lokacin da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Shukar ta leƙo, ta ga abin da ake ciki, ta ƙone. Basudanen ya ce masa, "Ya sadik, nan ba ƙasarku ba ce. Jira zafi ya karye." Ya jira. Sauran ƙwayoyin ya zuba su a inda wani tiyo ya ƙare yana zubar da ragowar ruwa. Wannan karon suka kama, suka yi jajayen rassa da ganye shar.

Yana tsugune a cikinsu wata safiya sai ya ga inuwar mutum a kansa.

"Mene ne wannan, ya Mustafa?" in ji Abu Mish'al.

Almustafa ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Larabcinsa a lokacin bai wuce na yalla da halas ba. Ya ce, "Magani ne, Baba."

Dattijon ya tsinki ganye ɗaya ya tauna. Fuskarsa ta tattare wuri guda. Ya tofar, ya duba jan kan da ya fara fitowa a jikin reshe, sai ya gane. "Karkade," in ji shi, wato zoɓo da Larabci. "Ku ganyen kuke ci?"

"Da tuwo."

"Akwai masu saye?"

Almustafa bai taɓa tunanin saye ba. Amma ya ga idan ya ce babu, gobe za a tuge. Ya ce akwai, da yawa ma.

Dole ta sa ya nemo su. Lawali ne ya kai shi unguwar Nasiriya, gidan Hajiya Bilƙisu, mutuniyar Gusau wadda mijinta ya daɗe yana aiki a Riyad. Ita ake ba girkin suna da na biki a tsakanin Hausawan garin. Ta buɗe ledar, ta ɗauki dami ɗaya ta shinshina. Da ta ɗago, idonta ya kawo ruwa, amma bakinta bai bi idon ba.

"Ganyen ya yi ƙanana. Kuma ka bari ya fara tsufa. A garinmu wannan akuya ake ba."

"To Hajiya, bari in mayar."

"Ajiye nan. Wa ya ce ka mayar?"

Ta yi miya a ranar, ta hana su tafiya sai sun ci. 'Ya'yanta da aka haifa a can suka ɗanɗana suka ture kwano suna ƙorafin tsami da Larabci. Ita kuwa ta cinye nata ta siɗe hannu, sannan ta ɗauki waya ta fara kiran ƙawayenta. Kafin su fita ta riga ta ba shi umarni: ya nemo irin rama, da gauta, da alayyafo irin na gida, ya kuma dasa zogale.

"Zogale kuma, Hajiya?"

"Ka san shi ai?"

Lawali ya juya baya yana tari don ɓoye dariya, domin ya san garkar zogale Almustafa ya gudo ya bari a gida.

Abu Mish'al mutum ne mai son abu a fili. Ya ce gona tasa ce, takardun sayarwa da sunansa suke, don haka duk abin da zai fita da sunan gonar zai fita, Almustafa kuma yana da kasonsa a ciki. Ya yanka masa fili a bayan rumfuna, ya ba shi kusurwa ɗaya a cikin rumfa saboda lokacin sanyi da na tsananin zafi. Iri kuwa ya riƙa zuwa a jakar masu dawowa daga hutu. A nan ne dole ta sa ya faɗa wa Shafa'atu gaskiya, tunda ita za ta nemo irin. Ya yi ta kewaye-kewaye a waya, yana cewa maigidansa yana da 'yar gona, shi kuma yakan leƙa idan babu tuƙi.

Ta ce, "Baban Nazira, ai na sani tun tuni."

"Wa ya faɗa miki? Lawali ko?"

"Babu wanda ya faɗa. A hoton nan naka da farar mota, takalmin roba ne a ƙafarka, duk taɓo. Baba ma ya gani."

"Me ya ce?"

"Ya ce ƙasar can da alama tana da kyau."

Cikin 'yan shekaru filin bayan rumfuna ya zama sana'a. Matan Nasiriya da na wasu unguwanni suka buɗe zaure a waya, kowace tana faɗin abin da take so kafin Alhamis. Wani gidan abinci na 'yan Najeriya ya fara karɓar gauta da rama. 'Yan Sudan da 'yan Chadi suka ji labari. Da aikin kai kaya ya yi yawa, dattijon ya taimaka masa ya sami lasin, ya miƙa masa makullin tsohuwar a-kori-kurar. Ranar da ya fara shiga Dira da ita, bayanta cike da damman ganye an lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, 'yan majalisa suka miƙe tsaye suka sara masa kamar sojoji. Ya fito da tabarau, bai kula su ba.

Daga nan wata sabuwar cuta ta kama shi, ta wa'azin noman zamani. Mutumin da ya ce noman ragwaye ne, yanzu ba a isa a sha shayi lafiya ba sai ya yi bayanin yadda ɗigon ruwa ya fi kwarara. Ya ce abin da ke damun ƙasarmu bokiti ne. Ya ce da za a ba shi fadamar Madarumfa, da ya ciyar da Maraɗi har da Katsina. Lawali yakan ce, "A ƙara wa Ministan Gona sukari." Shafa'atu ce ta fi shan wahalarsa, don kullum sai ta tashi da dogon saƙon murya: a auna tazarar shuka, a daina ban-ruwa da rana tsaka, a ce wa Baba ya rage taki. Amsarta ba ta canzawa. "To, Baban Nazira. An ji."

Da hutunsa ya zo, bai sayi atamfa da agogo kamar kowa ba. Ya ɗaure naɗin tiyo, da baƙar ragar inuwa irin wadda suke rufa wa shuka, da ɗan injin liƙe bakin leda da Hajiya Bilƙisu ta tilasta masa saye, wai kada ya je wa matarsa da kayan rijiya kaɗai. A ƙauye ya tara jama'a a garka, ya ɗora tanki a kan turaku, ya shimfiɗa tiyo, ya buɗe. Ruwa ya ɗiga a gindin kowace shuka. Mutane suka yi ta mamaki. Mahaifinsa ya zagaya, ya tsuguna ya taɓa ƙasar, ya ce, "Abin da kyau."

Bai daɗe da komawa Riyad ba labari ya fara canzawa. Ruwan rijiyar yana da yashi, ƙananan hudojin suka toshe. Ɓeraye suka gano cewa akwai ruwa a cikin baƙin abin nan, suka huda shi ko'ina. Almustafa ya yi ta aika bayanin yadda ake tacewa da yadda ake wankewa. Mahaifinsa ya gyara layi biyu na tumatir, waɗanda har yanzu suna aiki kuma yana nuna wa baƙi, sauran ya naɗe ya rataye a rumbu. Wani guntun ma an ɗaure akuya da shi. Ragar inuwa kuwa, da ya tambaya, Shafa'atu ta ce, "Tana nan, ana amfani da ita." Bai ji daɗi ba. Ya yi makonni bai yi wa kowa wa'azi ba, har Lawali ya tambaye shi ko an sauke Minista ne.

Wata Alhamis, bayan an kwana biyu, ya kai wa Hajiya Bilƙisu kaya. Ta karɓi yakuwa da gauta, ta ture damin zogale gefe.

"Wannan ka rage kawowa. Na sami wanda ya fi naka."

"A Riyad? Wa ke shukawa?"

"Daga gida ake kawowa. Busasshe ne, amma duba."

Ta miƙo masa wata leda mai kauri, an liƙe bakinta tsaf. Zogalen ciki kore ne shar, ba irin baƙin nan da ake shanyawa a rana a kan tabarma ba, babu tsakuwa, babu itace. Ta ce wata mata ce ta zo da shi daga Maraɗi, a shago ta saya, kuma in aka jiƙa aka dafa sai ka rantse yau aka tsinko.

"Ku maza sai surutu," in ji Hajiya. "Ka ga aikin mata. Ka je ka koyo."

Almustafa ya juya ledar. Akwai 'yar takarda a manne, da hoton ganye, da lambar waya. Ba ya karatun boko sosai, amma lambar ya san ta, shi ya saya mata layin. Ya fita ya zauna a mota, ya kunna fanka, ya kira.

Shafa'atu ta yi masa bayani a natse, kamar mai faɗin abin da aka dafa da rana. Ragar inuwar ce ta kafa a bayan ɗaki, ta yi rumfar shanya, don ta lura ganyen da ya bushe a inuwa ba ya baƙi. Ta fara da zogalen garkar Baba. Da ya kasa, ta shiga sayen na maƙwabta. Yanzu su mata da yawa ne, wasu na tsinka, wasu na wanki, wasu na tsincewa, ita tana awo tana liƙewa. Shaguna a Maraɗi suna karɓa, wata mai kai kaya Yamai ma ta fara zuwa. Sun soma gwada yakuwa da kuɓewa.

"Kuma ba ki faɗa mini ba."

"Na faɗa. Na ce ana amfani da ita. Kai tiyo kake tambaya."

Ya sake duba ledar. Can ya ce, "Liƙin bakin ya ɗan karkace ta gefe ɗaya."

"To, Baban Nazira. An ji."

Ya koma ciki ya ce wa Hajiya mai zogalen matarsa ce. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce lallai yarinyar tana da haƙuri. Daga nan ta karɓi lambar ta adana, ta ce daga yau ba sai ta bi ta kansa ba.

Washegari ya je majalisa da ledar a aljihun gaba, yadda takardar za ta leƙo. Ya bari aka tambaya kafin ya fito da ita. Ya bayyana cewa kamfaninsu ne na gida, shi ya kawo fasahar, iyali kuma suna kula da ɓangaren aiki. Leda ta zagaya hannu zuwa hannu. Wani ɗan Damagaram ya ce ƙanwarsa tana da rama da yawa tana lalacewa, ko za a haɗa ta da Shafa'atu su yi magana. Lawali ya daɗe yana juya ledar, sannan ya ce,

"Ban ga sunanka a jiki ba."

"Ba a sa sunan manya a leda."

Almustafa yana nan a gonar Abu Mish'al har yanzu. Dattijon ya tsufa sosai, Mish'al ne ke zuwa duba aiki, kuma yana maganar ware rumfa guda sukutum don ganyen 'yan Afirka. Almustafa yakan ce shekara mai zuwa zai tattara ya koma gida ya riƙe kamfani da kansa. Ya faɗa wa Shafa'atu haka. Ta ce ya zo, suna murna, dama babban abin da ke damunsu shi ne ruwa, garkar Baba ba ta isar su da ganye idan rani ya yi nisa, kuma tsohon ƙarfinsa ya ragu. Tun daga lokacin yake bin shagunan kayan gona yana tambayar matatar da ke hana yashi shiga tiyo, da famfo mai aiki da hasken rana. Ya riga ya sayi matatar, tana ƙarƙashin gadonsa a cikin kwali. Ɓerayen ne har yau bai samo musu dabara ba, ya ce zai tambayi Basudanen.